Bob Marley da rangadin da bai ƙarasa ba

Ranar 27 ga watan Yunin 1980, filin ƙwallon San Siro da ke birnin Milan na ƙasar Italiya ya cika ya batse, alhali ba AC Milan ke wasa ba, ba kuma Inter ba. Mutane wajen dubu 100 ne suka yi cincirindo don su ga wani siririn mawaƙi ɗan Jamaika mai shekara 35, wanda ke zagaya Turai yana tallar sabon kundin waƙoƙinsa mai suna Uprising. Bob Marley bai taɓa tara jama'a irin wannan a Turai ba. Abin da 'yan kallo ba su sani ba shi ne, ciwon dajin da aka gano a babban yatsan ƙafarsa shekara uku baya yana nan yana cin sa ta ciki. Wata uku bayan wannan dare rangadin ya tsaya cak, kafin shekara ta zagayo kuma an binne shi.

An haifi Robert Nesta Marley ranar 6 ga Fabrairun 1945 a ƙauyen Nine Mile, cikin tsaunukan gundumar Saint Ann. Mahaifiyarsa Cedella baƙar fata ce 'yar manoma, ba ta cika shekara 20 ba lokacin da ta haife shi. Mahaifinsa Norval Marley kuwa farar fata ne, dattijo da ya ba shekara 50 baya, kuma bai zauna da su ba. Ya mutu a 1955 yaron na da shekara goma, kusan ba su san juna ba. Wannan zama ruwa biyu ya dame shi a ƙuruciya. Dangin uba ba su karɓe shi ba, a unguwa kuma yara na yi masa gorin hasken fata.

Yana ɗan shekara 12 ko kusa da haka suka koma Kingston, babban birnin ƙasar, suka zauna a Trench Town, unguwar talakawa mai gidajen gwamnati inda iyalai da yawa ke raba tsakar gida ɗaya da madafa ɗaya. A nan ya ƙulla abota da Peter Tosh, ga kuma Bunny Livingston wanda tun daga ƙauye suke tare. Wani mawaƙi mai suna Joe Higgs ne ke tara samarin a tsakar gidansa da yamma yana koya musu yadda ake haɗa murya. Uwar Bob ta sa shi koyon walda, ya yi ta har ran da ɓarɓashin ƙarfe ya faɗa masa a ido, daga nan ya ajiye sana'ar ya rungumi waƙa. Faifansa na farko ya fito a 1962, bai yi kasuwa ba. A 1963 su ukun da wasu abokai suka kafa ƙungiyar Wailers, a farkon 1964 kuma waƙarsu Simmer Down ta hau matsayi na ɗaya a Jamaika.

To amma suna daban, kuɗi daban. A Jamaikar wancan zamani mai situdiyo shi ne mai komai. Zai ba mawaƙi 'yan kuɗi kaɗan a hannu, faifan ya zama nasa, ko ya sayar da dubu nawa. Shi ya sa Bob, duk da ana jin muryarsa a kowane lungu na Kingston, kwana ɗaya da ɗaura aurensa da Rita Anderson a Fabrairun 1966 ya tafi ci-rani Amurka wurin mahaifiyarsa a jihar Delaware, ya yi aikin ƙarfi a masana'antu na wasu watanni. Yana can Sarkin Habasha Haile Selassie ya ziyarci Jamaika a watan Afrilu. Rita ta ga sarkin da idonta, shi bai gani ba, amma da ya dawo sai ya shiga aƙidar Rastafari da ƙafar dama. Masu wannan aƙida suna ɗaukar Haile Selassie a matsayin abin bauta, suna ganin Afirka ce gidan duk baƙar fatar da cinikin bayi ya watsa, ba sa aske gashi, suna kuma ɗaukar tabar wiwi a matsayin wani ɓangare na ibadarsu. A nan yankinmu da yawa daga samarin da ke liƙa hotonsa a babur da shago gashin da hayaƙin kawai suka ɗauka. Mutumin da kansa kuwa, duk waɗanda suka yi aiki da shi sun shaida shi ne na farkon tashi da safe, shi ne kuma mai tsare makaɗa suna maimaita kiɗa ɗaya har sai ya zauna daram.

Ƙofar duniya ta buɗe ne a 1972 a Landan, lokacin da Chris Blackwell mai kamfanin Island Records ya ba su fam 4,000 su je su haɗa kundi. Dabarar Blackwell ita ce ya sayar da kiɗan rege yadda ake sayar da kiɗan rok na Turawa: maimakon faifai mai waƙa ɗaya da za a yi rawa da shi mako biyu a manta, a fitar da cikakken kundi, sannan mawaƙan su bi shi gari-gari suna wasa, 'yan jarida na rubutawa, gidajen rediyo na sakawa, mutane na zuwa kanti suna saye. A zamanin da babu intanet, kundin da ba a yi masa rangadi ba kusan ya mutu tun a kwali. Haka Catch a Fire ya fito a 1973, Wailers suka shiga mota suna zagaya ƙananan zauruka a Ingila.

Wannan yawon ne ya raba abokan. Bunny bai jure sanyi da abincin Turai da kwanan hanya ba, da aka zo tafiya Amurka ya ce ba da shi ba, sai malaminsu Joe Higgs ne ya maye gurbinsa. A can ma ba su sha da daɗi ba, don an ɗauke su su riƙa buɗe wa Sly and the Family Stone wasa, bayan 'yan dare kaɗan aka sallame su. Peter Tosh shi ma ya ga kamfani na fifita Bob a kansu, ya kama gabansa. Zuwa 1974 Bob kaɗai ya rage a cikin ukun. Shi dai ya yarda da hanya. Ya ɗauki mata uku masu amshi, Rita da Marcia Griffiths da Judy Mowatt, waɗanda ake kira I-Threes, ya riƙe 'yan'uwan nan biyu, Aston Barrett mai jitar bas da Carlton Barrett mai ganga, aka koma kiran su Bob Marley and the Wailers. A shekarar ce Eric Clapton ya sake rera waƙarsa I Shot the Sheriff ta hau matsayi na ɗaya a Amurka, Turawa suka fara tambayar wane ne mai waƙar na asali. Wasan da ya yi a zauren Lyceum na Landan a Yulin 1975, wanda aka naɗa aka fitar, shi ya ba su amsa.

A gida kuwa siyasa ta yi zafi, 'yan bangar jam'iyyar Firaminista Michael Manley da na madugun adawa Edward Seaga suna kashe juna a unguwannin Kingston. Ranar 3 ga Disamban 1976, kwana biyu kafin wani wasan kyauta da mutane da yawa suka ɗauka na goyon bayan gwamnati ne, 'yan bindiga suka kutsa gidansa mai lamba 56 a titin Hope Road suka buɗe wuta. Harsashi ya goge shi a ƙirji ya shige hannunsa, an harbi Rita a ka, manajansa Don Taylor ya ji munanan raunuka. Cikin ikon Allah ba wanda ya mutu. Bob ya hau dandamali ranar 5 ga wata da bandeji, ya yi wasansa, sannan ya bar ƙasar. A Landan ya haɗa Exodus, kundin da mujallar Time ta zaɓa a 1999 a matsayin mafi fice a ƙarni na 20.

A rangadin Exodus ne, a 1977, maganar yatsa ta taso. Bob mayen ƙwallo ne, duk inda motarsu ta tsaya sai an buga. A Paris aka taka shi a babban yatsan ƙafar dama, farcen ya ɓaci, ciwon ya ƙi warkewa, ya riƙa hawa dandamali da shi yana tsalle. Da likitoci suka duba a watan Yuli sai suka ga ciwon dajin fata ne a ƙarƙashin farcen. Har yau za ka ji ana cewa ƙwallo ce ta jawo masa, amma likitoci sun ce raunin tona asirin cutar kawai ya yi. Irin wannan daji ba zafin rana ke kawo shi ba, yana fitowa ne a tafin ƙafa ko tafin hannu ko ƙarƙashin farce, kamar baƙin tabo ko baƙin layi, kuma a cikin ire-irensa shi ne ya fi kama baƙar fata. Mai karatu ya riƙe wannan, don tabo ne da mutum zai iya ɗauka tuntuɓe ya yi.

Shawarar likitoci ita ce a yanke yatsan. Bob ya ƙi. Aƙidarsa ba ta yarda a yanke wani sashe na jiki ba, ga kuma tunanin yadda mai rawa da ƙwallo zai yi ba babban yatsa. Aka tsaya a kan cire farcen da naman da ke ƙarƙashinsa, aka yanko fata daga cinyarsa aka rufe wurin. An soke wasannin Amurka na wannan shekara, ƙafa ta warke a ido, kowa ya ɗauka magana ta wuce. Ko yankewar za ta cece shi, Allah ne masani. Amma abin da ke a fili shi ne, shekaru ukun da suka biyo baya ya yi su ne a kan hanya, ba a gaban likita ba. Ya koma Jamaika a 1978 inda a watan Afrilu ya kira Manley da Seaga kan dandamali ya haɗa hannayensu a gaban jama'a, ya zagaya Amurka da Turai da kundin Kaya, ya leƙa Habasha a ƙarshen shekarar, a 1979 kuma ya kai har Japan da Ostireliya da New Zealand.

Duk da wannan ɗaukaka akwai abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya. Mutumin da ke waƙa kan bauta da 'yancin baƙar fata, in ya ɗaga ido a zaurukan Amurka mafi yawan fuskokin da yake gani na ɗaliban jami'a ne farar fata. Gidajen rediyon baƙaƙen Amurka kiɗan disko da sol suke sakawa, rege a wurinsu kiɗan 'yan tsibiri ne. Afirka kuma, wadda sunanta ba ya barin bakinsa, bai taɓa yi mata wasa ba. Daga 1979 duk wani taku nasa neman waɗannan jama'a biyu ne. Kundin Survival ya fito da tutocin ƙasashen Afirka jere a bangonsa, da zanen yadda ake shirya bayi a cikin jirgin ruwa, ya kuma kai shi zauren Apollo da ke Harlem, cibiyar baƙaƙen New York, ya yi kwana huɗu yana wasa.

Afirka ta samu a 1980. A watan Janairu ya yi wasa a Libreville ta Gabon bisa gayyatar iyalan Shugaba Omar Bongo, tafiyar da ta ƙare da rigimar kuɗi tsakaninsa da Don Taylor har suka rabu. Ta biyun ita ce wadda tarihi ya riƙe. An gayyace shi bikin 'yancin kan Zimbabwe, ya yi shatar jirgin da ya kwaso kayan sauti daga Landan da kuɗin aljihunsa. Daren 17 ga Afrilu a filin Rufaro da ke Salisbury, wato Harare ta yanzu, aka sauke tutar Birtaniya a gaban Yarima Charles da Robert Mugabe da Indira Gandhi da Shugaba Shehu Shagari na Najeriya, aka ɗaga sabuwa, sai ga Wailers a dandamali. Filin na manyan baƙi ne, talakawan da aka yi yaƙin dominsu suna waje. Da suka ji kiɗa suka turo ƙofa, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa, makaɗa suka watse ido na hawaye. Da ƙura ta lafa suka dawo suka ƙarasa, washegari kuma ya sake yin wani wasan don jama'ar gari.

Mako shida bayan haka aka fara rangadin Uprising, ranar 30 ga Mayu a zauren Hallenstadion na birnin Zurich, tun kundin bai shiga kasuwa ba, don sai 10 ga Yuni ya fito. Tawagar ta cika: 'yan'uwan Barrett, Junior Marvin da Al Anderson a jita, Tyrone Downie da Earl Lindo a molon Turawa mai maɓallai, tsoho Seeco Patterson a ƙananan ganguna, ga I-Threes da su ke buɗe fage kowane dare, har da mai dafa musu abincinsu na 'yan Rasta. Cikin kwana 45 suka yi wasa sama da 30. A lissafa a gani: kusan kullum sai an kwance kaya, an yi tafiyar ɗaruruwan kilomita, an sake ɗaurawa, an gwada sauti, sannan a yi awa biyu ana tsalle. Sun bi Jamus, inda gidan talabijin ya ɗauki wasansu na Dortmund ranar 13 ga Yuni, wanda shi ne mafi yawan hotunan rangadin da ake gani yau. Sun yi Crystal Palace a Landan, sun haura ƙasashen arewacin Turai, sun gangaro Milan da Turin da Barcelona, suka yi Le Bourget a gefen Paris, suka tsallaka Dublin ranar 6 ga Yuli, suka rufe a garin Stafford na Ingila ranar 13.

Kundin kansa fuska biyu gare shi, kuma a nan ake gane inda hankalin mutumin yake. Waƙar Could You Be Loved an gina ta da kiɗa mai sauri da zai shiga gidajen rawar Amurka, ƙugiya ce aka jefa wa rediyon da ke ƙin sa. Redemption Song kuwa, wadda ta rufe kundin, ba ganga ba amshi, daga shi sai jitarsa ta katako. A rangadin yakan rera ta ne bayan an sauka an sake kiran su, fili mai dubban mutane ya yi tsit. Mutane na son cewa ya san mutuwa na tafe ne ya rubuta ta. Wataƙila. Ni dai abin da na gani a tsarin tafiyar, mutum ne mai shirin shekaru masu zuwa, ba mai ban kwana ba.

Dubi abin da ya yarda da shi a Amurka. Mawaƙin da ya cika San Siro shi kaɗai ya amince ya zama mai share fage ga ƙungiyar Commodores ta su Lionel Richie a Madison Square Garden na New York, ranakun 19 da 20 ga Satumba, don kawai masu zuwa kallon Commodores baƙaƙen Amurka ne. Ƙasƙanci ne a ido, amma dabarar ta ci, don a darare biyun zauren ya miƙe masa tsaye. A daidai lokacin Stevie Wonder ya fitar da Master Blaster, waƙar da ya yi da salon rege don girmama shi, tana kuma tashe a gidajen rediyon nan da suka daɗe suna rufe masa ƙofa. Abin da ya shekara bakwai yana nema ya zo hannu.

Washegari, Lahadi 21 ga wata, ya fita sassarfa a dandalin Central Park tare da abokinsa ɗan ƙwallo Allan Cole, jikinsa ya sandare ya faɗi. Gwaji ya nuna ƙari a ƙwaƙwalwa, daga baya aka ga cutar ta kai huhu da hanta. Ba a gaya wa Rita nan take ba, ita da sauran tawaga sun riga sun wuce Pittsburgh inda wasa na gaba yake. Da ta ji, ta nemi a soke. Aka dai yi shi, ranar 23 ga Satumba a Stanley Theatre, zauren da bai ɗaukar mutum dubu huɗu. Ya rame, amma muryar na nan, ya yi cikakken wasa har da dawowa bayan an sauka. An naɗi sautin daren, sai a 2011 iyalinsa suka fitar da shi. Sauran garuruwan Amurka da aka riga aka sayar wa tikiti ba su gan shi ba.

Daga nan sai jinya. An fara a New York, magani ya zubar da gashin nan da ya shekara da shekaru yana tarawa. Ranar 4 ga Nuwamba aka yi masa baftisma a Cocin Orthodox ta Habasha, aka ba shi suna Berhane Selassie. Da likitocin Amurka suka ce ba sauran dabara, aka kai shi yankin Bavaria na Jamus wurin wani likita mai suna Josef Issels, wanda hanyoyin maganinsa ke da masu suka da yawa a cikin likitoci. A can ya cika shekara 36, cikin dusar ƙanƙara, nesa da duk abin da ya sani. Gwamnatin Jamaika ta ba shi lambar girmamawa ta Order of Merit yana kwance. Da aka ga ba fata, ya nemi a mai da shi gida. Jikin bai kai ba, aka sauke shi a Miami, ya cika a asibitin Cedars of Lebanon ranar 11 ga Mayun 1981.

An yi masa jana'izar ƙasa a Kingston ranar 21 ga Mayu. Edward Seaga, ɗaya daga mutum biyun da ya haɗa wa hannu, shi ne firaminista a lokacin, shi ya yi jawabin ta'aziyya, Manley ma yana wurin. Daga nan aka ɗauki gawar a mota zuwa Nine Mile, jama'a jere a bakin hanya tun daga birni har tsaunuka, aka sa shi a kabari tare da jitarsa. Ya bar 'ya'ya 11 da aka tabbatar, daga mata daban-daban, bai kuma bar wasiyya ba, saboda a aƙidarsa rubuta ta tamkar amsa kiran mutuwa ne. Iyali da makaɗa da lauyoyi sun shafe fiye da shekara goma a kotu kan dukiyar, yayin da kundin Legend da kamfanin Island ya tattara ya fitar a 1984 ya zama kundin rege mafi ciniki da aka taɓa yi.